Ƙarar Ƙudan Zuma a Gonar Mangwaro

Jirgin bai gama sauka ba mai gonar ya cusa wa Dogo ambulan a aljihu.

Dogo ya yi baya kamar an ɗana masa wuta. "Alhaji, don Allah a'a. Kyauta na yi."

"Haba yaro, na shan ruwa ne. Ni za ka mayar wa hannu baya?" Dattijon ya dafe aljihun da tafinsa, ya juya ya shige cikin bishiyoyi.

Dogo mai ɗaukar hoton biki ne, kuma duk burinsa na duniya ya tattara shi a kan ɗan jirgi marar matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ciki. Dokar tashi da shi kuwa ya haddace ta har matarsa na cewa ko a mafarki ita yake bita. In don nishaɗi ne, ka tashi da abinka a fili, nesa da filin jirgin sama, ban da bisa kan jama'a. Amma da zarar an biya ka, ko kwabo ne, ka shiga kasuwanci, sai da lasisi. Shi ya ci jarrabawa, saura kwanaki kaɗan nasa ya fito. Wanda aka kama da karɓar kuɗi kafin nan, ya yi sallama da lasisin na shekaru.

Wani kamfanin gine-gine kuma yana jiran ya kawo lasisin su ba shi aikin ɗaukar rukunin gidajensu daga sama. Aikin da zai fitar da shi daga gidan haya ke nan.

Zuwa gonar ma Maigida ne ya roƙe shi. Maigida shi ne tsohon da ya koya masa riƙe kyamara, ya ciyar da shi, ya tsaya masa ranar aurensa. "Abokina ne, so yake ya ga mangwaronsa daga sama kafin ya mutu," in ji shi. "Ba kuɗi a ciki, ɗana. Da zan raka ka, to ƙafar nan ta matsa mini."

Dogo ya tsaya shi kaɗai, ambulan a aljihu, gumi na tsatstsafo masa. Jirginsa yana ƙasa a kashe, amma can sama yana jin wani ɗan zuuu. Ya ga amya a jikin bishiya, ya ce ƙudan zuma ne, ya naɗe kayansa da sauri.

Bai zame ko'ina ba sai shagon hoton Maigida. Shagon yana nan yadda ya san shi: labulen nan mai hoton teku da ya koɗe, kujerar amarya mai ƙafa ɗaya a kan bulo, ba kowa sai ƙura. Tun da mutane suka fara son hoton sama, ciniki ya gudu daga nan. Abin ya daɗe yana damun Dogo, shi ya sa da ya sayi sabon jirgi ya kawo wa Maigida na farkon, wanda ya sha karo da turken lantarki lokacin koyo. Maigida ya yi dariya ranar, ya ce hannun da ke rawa ina shi ina jirgi, ya jefa kwalin saman kabad.

Yau ya same shi yana haki, takalmansa da jar ƙasa. A bayan tebur wata caja tana ƙyafta koren ido.

"Tocilan nake cajawa," in ji Maigida. Ya saurari labarin, ya girgiza kai, ya miƙa hannu. "Kawo ambulan ɗin, ni zan mayar masa. Kwantar da hankalinka, ɗana."

Dogo ya fito zuciyarsa wasai, yana sa wa tsohon albarka.

Da hukumar sufurin sama ta kira shi, sabuwar riga ya saka. Ya ɗauka lasisi zai karɓo.

Jami'ar da ta karɓe shi ba ta ce ya zauna ba. Ta juyo masa da kwamfuta, ta ce, "Malam, an kawo ƙararka. Aikin kuɗi ba lasisi."

"Ranki ya daɗe, na mayar! Ubangidana shaida ne, a hannunsa na ba da." Ya kira lambar Maigida a gabanta. A kashe. Ya sake kira. A kashe.

Ta danna wani bidiyo da aka haɗo da ƙarar. Ga gonar daga sama, tsaf, ba ko girgiza. Ga shi nan ɗan mitsitsi, ga dattijo yana cusa masa ambulan, ga shi yana naɗe kaya ya tafi da ita a aljihu. Nan hoton ya tsaya.

"Shi wanda ya ɗauke ni fa?" in ji Dogo. "Shi doka ba ta hau kansa ba?"

"Yana da lasisinsa. Tun watan jiya ya karɓa, har wani kamfanin gine-gine ya turo a tabbatar musu da shi."

Dogo ya matso. Ya dafa tebur, ya sunkuya kusa da allon, yana neman ko da abu ɗaya da zai kare kansa da shi. Sai idonsa ya sauka a kusurwar hagu ta sama, inda wani siririn layi ya gitta sararin samaniya, lanƙwashe kamar yankan farce.

Ya san layin nan farin sani. Shi ya yi shi da kansa a gilashin kyamara, ranar da tsohon jirginsa ya daki turken lantarki.