Tsuntsun da Eleuterio Bai Gani Ba

Baƙi huɗu suna bakin teku sun duƙufa kallon tsuntsayen kwasakwasa, sai Wilmer direba ya ja Eleuterio bayan mota ya rage murya.

"Kompa, ka ga waccan mai farar hular? Ka buɗe ido. Ƙanen matata ya san ta a birnin Lima. Tsuntsaye take kamawa tana sayar wa attajirai a keji."

Eleuterio Chapoñan ya shekara ashirin da biyu yana kai baƙi kallon tsuntsaye a arewacin Peru: kwana ɗaya a bakin teku, ɗaya a hamada, ɗaya a kan tsauni. Wilmer kuwa shi ya riƙe masa 'ya a coci ranar baftisma. A al'adarsu, wanda ya riƙe maka 'ya ya zama kompadrenka, wato Kompa a taƙaice, kuma ba a auna maganarsa.

Abin da Eleuterio yake tsaro shi ne kortarama, wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da murya irin ta ƙofar da ta yi tsatsa. Ya kusa ƙarewa a duniya. A kurmin itatuwan algarobo na Huaca Seca, a tsakiyar hamada, Eleuterio ya san sheƙa shida. Dokar jagorori kuwa tsohuwa ce: ba a nuna wurin sheƙa ga wanda ba a yarda da shi ba, ko da zai yi kuka.

Daga nan ya sa wa matar ido. Sunanta Doña Rosaura Ugarte. Ba ta ɗauko kyamara ba kamar sauran. Littafi take riƙe da shi, da wata 'yar na'ura da take dannawa duk inda suka tsaya. Da aka kawo kifi da lemon tsami da rana, ba ta tambayi komai ba sai kortarama. Guda nawa ne? Yaushe ya gan su na ƙarshe?

"Sai dai mu duba gobe," in ji shi.

Washegari da hantsi suka shiga hamada. A gefen kurmin Eleuterio ya ga turaku masu jan fenti jere a cikin yashi. Wilmer ya ce masu jan wayar lantarki ne suka kafa, ya juya maganar zuwa tayar motar da take sacewa.

Eleuterio ya bi da baƙin ta yamma, inda ya san babu sheƙa. Duk da haka, suna ƙarƙashin wani tsohon algarobo, kukan ya taso daga bayansu, tsatsa-tsatsa, sau biyu. Doña Rosaura ta tsaya cak. Eleuterio ya yi tari mai ƙarfi, ya ce reshe ne iska take gogawa. Kafin ta ɗaga madubin hangen nesa, Wilmer ya danna hon daga bakin hanya ya riƙe. Wani abu ya tashi ya ɓace cikin ganye.

Kullum da la'asar, jagora da baƙinsa sukan zauna su cike jerin tsuntsayen da aka gani, jagora ya sa hannu a ƙasa. Da aka iso kan kortarama, ta riƙe alƙalamin ba ta rubuta ba.

"Don Eleuterio, ka tabbata? Sam babu?"

"Shekara biyar rabona da shi a nan, Doña. Fari ya kore su."

"An gaya mini idan kai ba ka gan shi ba, to babu shi."

Ya ɗauki wannan a matsayin daɗin baki. Ta nemi ya rubuta maganar shekara biyar ɗin da hannunsa. Ya rubuta, ya sa hannu, har da kwanan wata.

A kan tsauni, a rana ta uku, manyan ungulaye biyu suka bi ta saman kawunansu, baƙi suna ihu. Ita ba ta ko ɗaga kai ba. Eleuterio ya ga fuskarta ya ji daɗi: ɓarauniya za ta koma hannu rabbana.

Da suka sauke baƙin a tasha, Wilmer ya buga masa kafaɗa yana dariya. "Tsoho, ashe ka iya ƙarya haka? Da lauya ka zama, da yanzu kana da tumbi!"

"Kai ne ka cece su, Kompa. Ba don kai ba, da na kai ta har gindin sheƙa."

"Haba, me ake da ɗan'uwa? Ka gaida kuma 'yata."

Bayan mako biyar, Eleuterio ya tafi kurmin shi kaɗai da safe don ya duba ko ƙwai sun ƙyanƙyashe. Tun daga nesa ya ji rugugi. Katafila uku suna tsaye a layin jajayen turakun, ta farko ta riga ta kayar da algarobo biyu.

Ya ruga yana ɗaga hannu, yana cewa akwai kortarama a ciki, doka ta hana. Shugaban ma'aikatan, wani mai hular kwano, bai yi gardama ba. Ya buɗe jaka ya miƙa masa takardar da ta ba kamfanin inabi izinin sare kurmin. Ya ce shekara biyu ke nan hukuma tana hana su saboda tsuntsun nan, har ta turo babbar masaniyarta ta tabbatar da idonta. Da ta ga ko guda ɗaya, da an killace kurmin har abada. A shafi na biyu Eleuterio ya ga sunan Rosaura Ugarte. A na uku ya ga rubutun hannunsa.

Ya ɗaga kai a hankali. Can gaban katafilar farko, sanye da rigar kamfanin, riƙe da jar tuta yana nuna wa direba itacen da ke da sheƙa, kompadrensa Wilmer ne.