Muryar Malam Illo

Karo na uku ke nan saƙon yana shigowa wayar Irmiya, kalma ɗaya ba ta canja ba: "Ka kawo mini muryar Malam Illo da ka ɗauka." Farfesa Balaraba ce, mai duba aikinsa na digirin digirgir a sashen tarihi. Ya kife wayar a teburin ɗakin malamai, gumi na bin bayansa duk da fankar da ke juyawa.

Babu wata murya. Ba a taɓa ɗaukarta ba.

Shekara biyar yana rubutu a kan tarihin noman shinkafa a fadamun Wamakko. Da safe ya koyar a sakandare, da la'asar ya hau babur ya shiga ƙauyuka. Ƙa'idar sashen kowa ya san ta: duk dattijon da ka ambata, ka rubuta sunansa da garinsa da ranar hira, ka kuma adana muryarsa. Ya cika wannan a kan mutum ashirin da tara. Na talatin ɗin shi ne Malam Illo, wanda kowa ke cewa ba a fi shi sanin fadama ba. Sau biyu Irmiya yana zuwa, ana ce masa tsohon yana kwance ba lafiya. Wa'adin miƙa babi ya ƙarato. Sai ya tattara abin da maƙwabta suka ce tsohon yakan faɗa, ya jera shi a bakinsa, ya sa kwanan wata.

Wata biyu babin yana hannun Farfesa. Ofishinta a rufe, ba ta ɗaukar waya. Da aka dawo masa da shi, kowane shafi ya sha jan biro kamar yadda ta saba, ban da shafuka uku na Malam Illo. Ko waƙafi ba ta taɓa ba. Gefen takardun dai ya yi laushi, alamar an buɗa su ba sau ɗaya ba.

Irmiya ya san abin da ke biyo bayan hirar ƙarya: kwamiti, sannan kora, sannan labari ya isa makarantar da yake koyarwa. Abinci ya daina shiga masa. Ya yi tunanin neman wani tsoho a Sabon Gari ya karanta shafukan a matsayin Malam Illo, shi kuma ya ɗauki muryar, amma Farfesa 'yar ƙasa ce, daga gaisuwa take gane garin mutum. Matarsa Comfort ta ce ya je ya faɗi gaskiya tun bai ƙara ƙarya a kan ƙarya ba. Ya ce mata bakinta ne kawai, ba ita za ta tsaya gaban matar ba.

Ran Laraba ya tafi ofishin Farfesa, yana ta maimaita wa kansa cewa zai ce wayar ce ta faɗa ruwa. Ya hau matakala. Kafin ya kai ƙofarta ya bar wannan shawara, ya ƙudura zai faɗa mata komai, abin da zai faru ya faru.

Ta rame. Ba ta ce ya zauna ba, sai ta tashi da kanta ta rufe ƙofa, abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Kwafin shafukan nan uku na gabanta, ta ɗora tafin hannu a kai.

"Malam Irmiya, ka zo da ita?"

"Ma, akwai abin da nake so in..."

"Ko minti ɗaya ne," in ji ta. "Ko ba ta fita sosai."

Ya ɗaga kai. Tun da ya san ta bai taɓa jin ta roƙi ɗalibi ba. Ta cire tabarau ta ajiye, harshenta ya bar Hausar ofis ya koma ta gida.

"Malam Illo shi yah haihe ni. Yau kwana sittin da rasuwa tai, mun duba wayoyin gidan kaf ba wanda yat taɓa ɗaukar murya tai, sai kai."