Maiƙo a Gilashin Elhaji

"Gobe in na sake ganin maiƙo a gilashin nan, ka nemi wani wurin," in ji Elhaji Sani. Shagonsa na atamfa kaɗai na samu tun da na fara wankin tagogi da furfurata.

Na gwada sabulu, na gwada lemun tsami da tsohuwar jarida. Kafin azahar maiƙon ya dawo. Na ce a raina aikin Kassim ne, wanda aka sallama aka ɗauke ni.

Na laɓe bayan mai shayi don in kama shi. Sai ga Hajiya Gana, matar Elhaji, tana shafa wa gilashin man kaɗanya daga ciki.

Da na shiga na same ta, ta ce, "Malam, rage ƙwazo. Tun zuwanka, dangin mijina daga titi suke zaɓen atamfa kyauta."