Yadda Aka Kori Bocachico

Ninfa Barraza ta jera kujeru a zauren coci, ta ajiye tulun ruwan mazarƙwaila da lemon tsami, ta zauna jiran masu mashaya. Kamar kullum, Saje Orozco ne kaɗai ya zo, shi ma don ofishin 'yan sanda ya turo shi. Ya sha kofi biyu, ya tambayi lafiyar maigida. Ta ce lafiya lau, tun da ya bar koyarwa zaman gida ya ishe shi, amma kwanan nan ya samu abin yi.

Ninfa nas ce a sashen gaggawa na asibiti. Duk kan da aka fasa da kwalba a Titin Almendros hannunta yake zuwa, har ta kai tana gane samari da ɗinkinta kafin ta tuna sunansu. Abin ya ishe ta. Ya ishi hukumar birni ma, wadda ta ce ko dai masu mashaya su haɗa kai da 'yan sanda da asibiti da direbobin tasi kafin kanibal, babban bikin raye-raye na shekara, ko a garƙame titin baki ɗaya.

To, manyan masu mashayar titin biyu ne, Don Eulalio da Doña Nohemí, kuma ba sa ga maciji tun shekarar da lasifikarta ta danne tasa. Ƙofofinsu na kallon juna. Wanda ya bugu a nan sai a tunkuɗa shi waje, ya tsallaka can a ƙara cika shi, daga nan a haɗu a tsakiyar titi da kwalabe. Ninfa ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Eulalio ya ce gara a rufe masa shago da ya zauna benci ɗaya da matar nan.

Ana cikin haka sai ga Bocachico.

Ba wanda ya san sunansa, ɗan tsukakken bakinsa ne ya ja masa sunan wani kifi da ake kira haka. Dattijo ne siriri, riga ruwan ɗorawa ta sha guga, da kwalbar giyar ron a hammata wadda ba ya sam wa kowa ko kurɓi. Tun rana ba ta faɗi ba yake isowa yana tangaɗi. Ba ya duka, ba ya zagi, abin da yake yi ya fi haka ciwo. Sai kiɗa ya kai inda ake so ya yi tuntuɓe da wayar lasifika. Sai ya zauna tsakanin saurayi da budurwa yana gyara musu baitin waƙa. In Eulalio ya kore shi ya faɗa wa Nohemí, in ta kore shi ya dawo. Ya taɓa rungume Saje yana kuka, wai ya yi kama da kawunsa.

Faɗuwa kam ya iya ta, sulalewa yake yi kamar buhun auduga. Mai shara ta ce duk inda kwalbarsa ta zube, kiyashi ne ke kwana a wurin. Sa'arsa ɗaya, Ninfa takan biyo ta titin bayan ta tashi aiki, ta sa a ɗora shi a tasi, ta ce ita za ta ji da shi.

Nohemí ce ta fara karaya. Wata Juma'a ta karɓi lambar Eulalio a wajen mai ƙanƙara, ta buga.

"Maƙwabci, ba gaisuwa ba ce. Kifin nan na tahowa wajenka, ka ɗauke wayar lasifika."

"Na ji. Amma fa har yanzu kiɗanki hayaniya ce."

"Kai ma."

Daga nan waya ba ta huta ba. Aka saka Saje a ciki, don a riƙa tare Bocachico tun daga kwana. Aka saka masu tasi, don a samu mai ɗaukarsa. Eulalio ya koma kofin roba saboda tsohon ya cika shure tebur, Nohemí ta bi sahu don kada a ce ya fi ta wayo. Rannan wani ƙato ya bar wajen Nohemí da wuƙa a ƙugu yana neman wani. Kafin ya tsallaka titi an buga waya, an ja ƙofa, Saje na tsaye yana jiransa. A makon nan Ninfa ba ta ɗinke kan kowa daga Almendros ba, sai da ta shiga banɗaki ta share hawaye.

Zama na gaba kujeru ba su isa ba. Suka amince: wanda ya bugu ba a ƙara masa, ruwan sha kyauta, tasi a bakin kwana, kuma wanda aka kora daga mashaya ɗaya an kore shi daga duka. Hukuma ta janye barazanarta. Da aka zo kan wanda za a fara kora, Eulalio da Nohemí suka ɗaga hannu tare, karo na farko a tarihi. Ninfa ta ce dattijo ne, a tausaya masa, aka yi mata ca.

Ta hau bas zuwa gida a Soledad tana ta murmushi ita kaɗai. A tsakar gida ta tarar da maigidan, mutumin da bai taɓa ɗanɗana giya ba ko a ranar aurensu, ya gama ɗura ruwan mazarƙwaila a kwalbar ron, yana goge riga ruwan ɗorawa.

"Ajiye dutsen gugar nan, Wilfrido," in ji ta. "Sun haɗa kai sun kore ka."