Layin Taimako

Rasit ɗin tasi ya jiƙe da gumi a hannunta, manhajar kuma ta sake tambaya: tafiyar ta sashe ce, ta reshe, ko ta haɗin gwiwa?

Ita ta ƙera wannan manhaja mai mayar wa ma'aikata abin da suka kashe a bakin aiki, amma sai yau ta nemi nata. Ta rufe shafi ɗaya, ya haifo 'ya'ya.

Akanta ya leƙo yana kaɗa makullai. "Injiniya, yau ake rufe na watan nan. In ya wuce, kin yi sadaka."

"Na kusa."

"Haka direbobi ke cewa. Na roƙe ki ki rage maɓallan nan, kika ce sai malalaci zai ɓace."

Can ƙasan allo ta hango lambar layin taimako. Ta faki idonsa ta jawo wayar tebur ta buga lambar, tana tanadin masifar da za ta zazzage wa wanda ya ɗauka.

Cikin jakarta, wayarta ta fara ruri.

"Ɗauka mana," in ji Akanta. "Wata malalaciya ce ta ɓace."