Tsirkiyar Jitar Kawu

Kawuna yana kaɗa wa samari masu waƙar hip hop jita a Birnin Kebbi, shi ya sa mahaifinsa, Kakana, ya daina yi masa magana. Wata la'asar a gidanmu na Argungu, Kawu yana koya mini kiɗa, sai tsirkiya ta tsinke a hannuna, ga shi washegari suna da wasa. Na fashe da kuka.

Kaka, da yake masunci ne, yana gefe yana ɗinkin taru. Can sai ya yanko zaren fatsa, ya miƙa wa Kawu.

"Ɗaura wanga. Ya riƙe giwan ruwa, balle waƙarka."

Kawu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Har yau in na ji amon jita, ƙarnin kifi nake shaƙa, idanuna su ciko.