Makara a Bakin Danja

Tun da na binne nawa mahaifin, duk wanda ya zo mini gaisuwa yana kukan zamani ya lalace, wannan misali nake ba shi.

A wata mararraba da ke tsakanin gari da maƙabarta, an yi wani mai ba da hannu. Kan rabin durom yake tsayawa, usur a baki, farar safa a hannu. Yana da ɗabi'a guda: da ya hango makara, sai ya tare hanyoyin gaba ɗaya, ya ƙame, ba ya sakin ko keke sai mai rakiya na ƙarshe ya haye. Ana nan aka kafa danja. Da fari in an ɗauke wuta akan nemo shi. Daga baya aka ɗora mata faifan hasken rana, aka sa mata lambobi masu ƙirga lokaci, har da na'urar ɗaukar hoto. Aka mirgine durom ɗin gefe. Tsoho ya koma zaurensa, har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Ranar jana'iza babban ɗansa na riƙe da gaban makara, amma hankalinsa na kan mararrabar. Ya san danja ba ta san gawa ba. Za ta ba su hanya kaɗan ta janye, motoci su ratsa jama'a, a bar mahaifinsa a wannan tsallake, masu rakiyarsa a wancan. Haka kuwa ta yi. Makara na tsakiyar titi fitilar motoci ta koma kore, aka fara danna hon. Sai wata tsohuwar tifa da ke sahun gaba ta ƙi motsawa. Direban, wani dattijo mai furfura, ya leƙo ya tambayi wa ya rasu. Da aka faɗa masa, ya diro, ya shiga tsakiyar titi, ya ɗaga hannu ya ƙame.

Wani mai babur ya ce, "Baba, kore ce fa!"

Ya ce, "Na gani, ɗana. A nan marigayin ya tsaya wa makarar uwata. Kashe mashin ɗinka."

Ya kashe. Na bayansa ma ya kashe, wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai takun masu rakiya da salati. Fitila ta yi ja, ta yi kore, ta sake yin ja, babu wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Sai da wani tsoho mai sanda, na ƙarshen ayari, ya taka wancan gefen, sannan direban ya sauke hannu ya hau motarsa. Ɗan mamacin bai san shi ba, bai kuma sake ganinsa ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.